Abin da Ke Ƙarƙashin Rigar Baba

Tun da aka sallamo Baba daga asibiti ƙafarsa ba ta sake tsallake ƙofar gida ba. Tiyatar ta yi kyau, likitoci ma sai yaba ƙarfin jikinsa suke yi, amma sun yanke wani yanki na hanjinsa, suka buɗe masa kafa a gefen ciki, suka manna wata 'yar jakar roba a wurin, a cikinta bayan-gidansa ke taruwa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin kafinta, wanda ko ƙurar katako ba ya bari ta kwana a kan teburin aikinsa, yanzu shi ne ke yawo da ƙazantar cikinsa a ƙarƙashin riga. Ban da Mama da 'ya'yansa biyu da surukarsa, babu wanda ya sani. Masu zuwa dubiya ce musu ake yi gyambon ciki ne ya yi tsanani.

Auta ce ta matsa masa lamba. Ita ce ƙaramar 'yarsa, malamar firamare ce, kuma duk gidan an san ba ta iya haɗiye magana ba. Ita ta tsaya wurin ma'aikatan jinya ta koyi yadda ake cire jakar, da yadda ake wanke fatar wurin, da yadda ake yanka bakin sabuwa daidai faɗin kafar. Kullum ta dawo daga makaranta sai ta same shi a kujera ɗaya, fuskarsa a bango ɗaya, sai ta fara mita. Ta ce likita bai ce an yanke masa ƙafa ba, ta ce kujerar ma ta fara ɗaukar kamanninsa. Abin da ya sa ya yarda a ƙarshe, wando ne. Yana bukatar mai robar ƙugu mai laushi wanda ba zai danne wurin ba, duk wanda Mama ta sayo masa kuwa sai ya ɗaga shi sama ya ce wannan ai mutum biyu za su shiga su zauna su yi hira.

Ranar Asabar da hantsi ta ɗauke shi a mota zuwa babban kantin nan mai hawa biyu, wanda ake sayar da komai a ciki, tun daga allura har gadon kwana. Da farko a ɗarare yake tafiya, hannunsa ɗaya a kan keken sayayya, ɗayan yana kare gefen cikinsa. Amma suna isa ɓangaren kayan katako sai ya manta da kansa. Ya ƙwanƙwasa wani tebur da bayan yatsa, ya kasa kunne, ya ce wannan dusar katako ce aka kwaɓa da gam aka shafa mata jan-baki. Ya jawo aljihun wata durowa ya leƙa haɗin, ya girgiza kai, ya ce wanda ya yi wannan aikin da yaronsa ne da yau bai ci abincin rana ba. Auta tana dariya, a ranta tana cewa ashe dai Babanta yana nan.

Ana haka aka yi sanarwa a lasifika, aka kira lambar motarta, wai ta tare wa motar kaya hanya. Ta ce masa ya jira ta a wurin wanduna, yanzu za ta dawo. A waje ta tarar direban motar kayan ya cusa hancin motarsa inda ba ya fita, sai da aka yi ta gaba a yi baya kafin ta samu ta zare tata. Da ta dawo, keken sayayyarsu na nan a ɓangaren tufafin maza, da wando biyu a rataye a jikinsa, Baba kuwa ba ya nan.

Ta duba wajen kayan katako, ta hau sama ta sauko, ta tsaya a bakin banɗakin maza ta roƙi wani ya leƙa mata. Ta kira wayarsa, ta yi ƙara aka katse, da ta sake kira sai ta ji a kashe. Nan gabanta ya faɗi, domin Baba bai ma san yadda ake kashe wayar ba. Tana cikin tambayar masu karɓar kuɗi ɗaya bayan ɗaya, sai wata daga cikinsu ta yi ƙasa da murya, ba ta ko ɗago kai daga na'urarta ba, ta ce ɗazu an shiga da wani tsoho can. Ta nuna da haɓa wata ƙofar ƙarfe a bayan tulin kwalaye.

Wani mai gadi ne tsaye a bakin ƙofar, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ya ce ana bincike, ba a shiga. Ta ce mahaifinta ne a ciki, marar lafiya ne. Ya ce in an gama za a kira ta. Tana cikin ɗaga murya ta jiyo ta Baba daga ciki, ba kalmomin ba, amon kawai, kuma amon roƙo ne. Tun da take ba ta taɓa jin Baba yana roƙon ɗan Adam ba. Ta kai wa ƙofar duka da tafin hannu, mai gadin ya riƙe mata hannu, ta fizge. Sai aka ji ƙara a ciki, aka ji ƙarar makulli, ƙofar ta buɗe, wasu masu gadi biyu suka fito da sauri suna toshe hanci, ɗayansu har da guntuwar dariya. Ta kutsa ta tsakaninsu.

Ɗaki ne marar taga, cike da kayan da aka dawo da su, da kujerar roba mai karyayyar ƙafa, da allunan da ke nuna hotunan kyamarorin kantin. Baba na tsaye a lungu, ya kama rigarsa da yatsu ya janye ta daga jikinsa. Jakar tana ƙasa, ta fashe. Abin da ke cikinta ya ɓata masa riga da wando har takalmi, fatar gefen cikinsa kuma, inda aka fizge mannin, tana tsattsafo da jini. Babban mai gadin, wani ƙato mai ƙaho biyu na gashin baki, ya miƙe hannunsa nesa da jikinsa yana neman tsumma, yana tsaki.

Baba bai dube ta ba. Ya ce, "Auta, rufe ƙofar."

Ta ce wa ƙaton ya fita. Ya buɗe baki zai yi magana, ta sake faɗa masa a hankali, sai ya fita. Kullum tana yawo da sabuwar jaka da auduga da almakashi a jakar hannunta. Ta durƙusa ta wanke wurin da ruwan gorar da ta gani a kan tebur, garin sauri har sai da ta ɓata jaka ɗaya wajen yankawa. Baba ya kafa wa silin ido.

Abin da ya faru sai daga baya ta tsinto shi, guntu-guntu. Bayan fitarta Baba ya ji jakar ta yi nauyi, gefenta ɗaya yana neman ɗagowa. Ya raɓe bayan wata kanta, ya waiga hagu da dama, ya cusa hannu ƙarƙashin riga ya danne mannin, sannan ya nufi wajen ƙofa da sauri yana neman banɗaki. Wanda ke kallon kyamara ya ga tsoho ya ɓuya, ya waiwaya, ya sa hannu a riga, ya fito da tudu a ciki. Ko ƙofar fita bai kai ba suka damƙe shi ta baya, suka ja shi ta tsakiyar mutane. A ɗakin suka karɓe wayarsa, suka murɗa makulli. Ya ce musu 'yarsa na waje a kira ta, suka ce abokiyar aikinsa dai. Ya ce ciwo ne da shi, ƙaton ya ce duk ɓarawon da aka shigo da shi ɗakin nan ciwo ne da shi. Suka ce ya ɗaga riga, ya ƙi, ya ce a kira likita ko 'yan sanda ya nuna musu. Ƙaton ya ce shi ne likita shi ne ɗan sanda a nan, ya kama tudun ta saman riga ya fizga.

Tana gama ɗaure kayan da suka ɓaci a leda manaja ya shigo, ƙaton na biye da shi. Manajan siriri ne mai taushin murya, da gwangwanin turaren ɗaki a hannunsa, kuma kafin ya gaishe su sai da ya fesa shi a kusurwa huɗu na ɗakin. Ya ce an samu 'yar rashin fahimta, yaransa ƙwazo ne ya yi musu yawa. Ya sa aka kawo sabuwar riga da wando kyauta, ya ce duk abin da ke cikin kekensu ma kanti ya yafe. Sannan ya zaro takarda ya ɗora a kan tebur da biro, ya ce Baba ya ɗan sa hannu a nan, ƙa'idar aiki ce kawai. Ta karanta. An rubuta cewa Baba da ƙafarsa ya shigo ɗakin, da yardarsa aka duba shi, kuma ba shi da wani ƙorafi.

Baba ya miƙa hannu zai ɗauki biron, don shi dai a bar shi ya tafi. Ta dafe takardar. Da ɗaya hannun ta kira matar Yayanta, wadda lauya ce, duk dangi Barista suke ce mata.

Barista ta saurara ba ta katse ta ba, sannan ta jero mata abin yi. Kada a sa hannu a komai, kada a karɓi kyautar komai, rigar ma a biya kuɗinta. Ta ɗauki hoton ɗakin, da ƙofar, da ciwon in Baba ya yarda. Ta nemi sunayen duk wanda ya taɓa shi. Ta gaya wa manaja a gaban shaidu cewa kada a goge hoton kyamara ko ɗaya na yau. Daga nan kada su wuce ko'ina sai asibiti. Ta ƙara da cewa, "Kafin komai, tambaye shi da ƙarfi kowa ya ji: tsare ku ake yi, ko kuna iya tafiya?"

Auta ta tambaya. Manaja ya yi murmushi ya ce haba ranki ya daɗe, wa ya tsare wa, ai ƙofa a buɗe take.

"Ɗazu a kulle take, da kunnena na ji makulli. Ina wayarsa?"

Can ƙaton ya zaro wayar daga aljihun wandonsa ya ajiye a kan tebur. Da ta nemi sunansa sai ya dafe ƙirji ya rufe alamar sunan da tafin hannu, ita kuwa ta ɗauke shi hoto a haka. Ta ce a kira 'yan sanda, tun da sata ake zargi, su zo su faɗi abin da aka sata. A nan Baba ya ɗaga hannu. Ya ce babu ɗan sandan da za a kira, mutanen da suka gan shi a haka sun isa.

Manaja ya ce akwai ƙofar baya, ta wajen da ake sauke kaya, ta fi sirri. Auta ta ce ta gaba aka jawo shi, ta gaba zai fita, kuma manaja ne zai raka shi yana ba shi haƙuri mutane na ji. Baba ya riga ya juya ya nufi ta bayan. Haka suka fita ta tsakanin kwandunan shara da ruɓaɓɓun kwalaye, tana biye da shi da ledar kayansa a hannu, idonta a bushe, kanta kamar zai tsage.

Washegari aka zauna a falo. Yaya, wanda ma'aikacin banki ne kuma ba ya son duk abin da zai kai shi gaban hukuma, ya ce a bar wa Allah. Ya ce in aka je kotu sai an faɗi abin da ke ƙarƙashin rigar, a rubuta, a karanta a bainar jama'a, abin da aka yi wata da watanni ana rufewa. Auta ta ce wato a ci mutuncin ubansu shi kuma ya ce a shafa mai a kwanta. Ya ce ita dai ba ta san komai ba sai faɗa, ta ce gara ita ta san wani abu. Mama na gefe tana share hawaye da bakin mayafi.

Barista ta bari sai da suka gaji, sannan ta juya ga Baba, ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce mai kanti yana da damar ya tsayar da mutum in ya ga abin da ya ba shi dalilin zargi, ya tambaye shi cikin mutunci, in bai gamsu ba ya kira 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Iyakarsa ke nan. Ba shi da ikon kulle mutum a ɗaki, ko ƙwace masa waya, ko hana shi kiran nasa, balle ya kai hannu jikinsa ya yi masa binciken dole. Ta ce abin da aka yi masa laifi biyu ne, tsarewa ba bisa doka ba da kuma cin zarafi, kuma ta riga ta aika wa kamfanin a rubuce cewa su adana hotunan kyamara. Amma ƙara tasa ce, ba ta Auta ba, ba ta Yaya ba. In ya ce a tafi, za a tafi. In ya ce a bari, an bari.

Baba ya ce a bari.

Auta ta yi makonni tana cin wuta ita kaɗai. A makaranta ta yi wa wata uwa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, har shugabar makaranta ta kira ta ofis. Ta daina ɗaga wayar Yaya. In ta biyo ta gaban kantin ta ga mutane na shiga suna fita da ledoji, da masu gadin nan a tsaye da kakinsu a goge, sai ta ji kamar ta hau kansu da mota. Baba kuwa ya koma kujerarsa, yanzu ma labulen falon yake sa a saki. Wata rana tana canza masa jaka ta sake tayar da maganar, ta ce shirun nan da ya yi shi ne ya ba su gaskiya. Ya bari ta gama mannawa, ya sauke rigarsa, ya ce, "Ina zamana lafiya. Ke kika fitar da ni." Ta tattara kayan aikinta ta fita, ta zauna a mota ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar.

Ashe akwai wanda ya ɗauki bidiyo da waya lokacin da ake jan Baba. A ɗakin malamai wata abokiyar aikinta ta miƙo mata waya tana dariya, ta ce dubi wannan tsohon, da furfurarsa da komai. Ga Baba nan, an riƙe shi ta wuyan riga, takalminsa ɗaya ya fita, yana kare cikinsa da hannu biyu kamar mai ɓoye kaya. A ƙasa an rubuta wai an kama tsohon ɓarawo da kaya a riga. Mutane sun yi ta zuba baki a kai, wani ya ce irinsu ne ke koya wa yara, wani ya ce da an bar masu sayayya da shi. Auta ta mayar wa matar wayarta, ta ce mahaifina ne, ta fice.

Abin mamaki, ita da ke ta neman a fasa magana, sai ga ta tana ɓoyewa. Ta haɗa baki da Mama da Yaya kada Baba ya gani. Amma unguwa ta riga ta gani. Gaisuwa ta ragu. Maƙwabcinsu, wanda shekara da shekaru in zai yi tafiya a hannun Baba yake barin makullin gidansa, ya zo da kansa yana ta kame-kame, wai zai canza kwaɗo ne, a ba shi makullin. Baba ya ba shi. Bayan fitar maƙwabcin, Baba ya dubi Mama ya ce ta gaya masa abin da ake ciki, kuma Mama ba ta taɓa iya yi masa ƙarya ba.

Da Auta ta dawo ya ce ta nuna masa. Ya sa tabarau ya kalla har ƙarshe, ya ce ta karanta masa abin da mutane suka rubuta, kada ta tsallake ko ɗaya. Ta karanta masa duka. Ya cire tabarau ya ninke, sannan ya ce a kira masa surukarsa.

"Ciwon nan Allah ne ya ɗora mini, na ɗauka," ya ce wa Barista. "Sata kuwa mutane ne suka ɗora mini. Ba zan haɗa biyu ba."

Kamfanin ya nemi a zauna a sasanta. Aka haɗu a babban ofishinsu, ɗaki mai sanyi da dogon tebur, ga lauyansu, ga manajan nan mai taushin murya, ga wata mata daga hukumar kamfanin. Lauyan ya fara da cewa abin takaici, kyamarar cikin ɗakin ta samu matsala a ranar. Auta ta yi wata dariya mai ɗaci, Barista ta taka mata ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Barista ta ce ba komai, ta baranda ai lafiyarta ƙalau, kuma ta nuna lokacin da aka shiga da shi, da lokacin da aka fito, da mai gadi a tsaye a bakin ƙofa yana hana 'yarsa shiga. Ga rahoton likita, ga hotuna. Lauyan ya ce duk da haka dole a yarda dattijon ya yi abin da zai sa a zarge shi. Ta ce zargi izinin tambaya yake bayarwa, ba izinin kai hannu ba.

Suka yi tayin diyya mai kauri, da sharaɗi guda: Baba da iyalinsa ba za su sake yin maganar ba, ko a gida ko a waje, kamfani kuma bai amsa laifin komai ba. Yaya, da ya biyo su a ranar, ya sunkuyo ya raɗa wa Baba cewa tayin ba laifi. Lauyan ya ƙara da cewa hakan zai rufa wa dattijo asiri, domin a kotu, ya san dai, sai an bayyana yanayin lafiyarsa.

Baba ya dafa tebur ya miƙe. Ya kama bakin rigarsa ya ɗaga har ƙirji, a nitse, ya tsaya a haka. Matar hukumar ta kawar da kai. Manaja ya kafa wa biron hannunsa ido.

"Ku duba da kyau," in ji Baba. "Ga abin da na sata. Wannan ne asirin da za ku rufa mini? Na buɗe shi da hannuna. Saura naku."

Ya sauke rigar ya ce wa Auta ta ɗauko masa sandarsa.

Shari'ar ta ja. Yau a ɗaga don lauyan kamfani ya yi tafiya, gobe a ɗaga don an sauya alƙali. Kowane zama Auta ke kai shi, ta zauna a bencin baya tana cizon leɓe. Ranar da ya ba da shaida, lauyan kamfani ya yi ta juya shi, me ya sa ya ɓuya a bayan kanta, me ya sa ya waiwaya, me ya sa bai ɗaga riga ba tun farko ya huta. Baba ya ce shi ma lauyan ya ɗaga tasa a nan ya huta. Alƙali ya buga tebur don a daina dariya. Yarinyar nan mai karɓar kuɗi, wadda tuni ta bar aikin kantin, ta zo ta faɗi abin da ta gani, ta kuma ce ba shi ne na farko da aka kulle a ɗakin ba, kuma manaja ya sani.

Hukunci ya fito a gefen Baba. Alƙali ya ce an tsare shi ba bisa doka ba, an ci zarafinsa, a biya shi diyya, a kuma buga takardar ban haƙuri a manna a ƙofar kanti, a sa a shafin kamfanin. Suka manna ta, 'yar ƙarama, a ƙasan tallan rangwamen sabulu. Bidiyon jan Baba ya zagaya ko'ina, ban haƙurin kuwa in ka cire dangi da abokan aikin Auta babu wanda ya tura wa wani. Manaja aka mayar da shi wani reshe da ya fi wannan girma. Ƙaton kaɗai aka kora. Auta ta ce wa Barista wannan ne adalcin? Barista ta ce wannan ne abin da kotu ke iya bayarwa, kuma da yawa ko shi ba sa samu.

Bayan an kwana biyu, wata ranar Lahadi da la'asar, aka yi sallama a ƙofar gida. Auta ta buɗe ta ga ƙaton, babu kaki, ya rame, tare da wani dattijo da ya ce shi kawunsa ne. Ta so ta mayar da ƙofar ta rufe, Baba ya jiyo ya ce a bar su su shigo. Mama ta kawo ruwa ta ajiye. Kawun ya yi doguwar magana: yaro ya yi kuskure, yana da mata da 'ya'ya, duk inda ya nemi aiki labarin ya riga shi zuwa. In Baba zai yafe, ya kuma rubuta 'yan layuka cewa sun daidaita, wataƙila wani kamfanin ya ɗauke shi. Ƙaton na zaune a bakin kujera, kansa a ƙasa, ya ce umarni aka ba su, kowane wata sai an tambaye su mutum nawa suka kama.

Auta na tsaye a jikin bango ta harɗe hannuwa. Ta san halin Babanta, ta san zai ce ba komai, ya wuce, kuma ta riga ta fara jin zafin hakan.

Baba ya dubi mutumin ya ce, "Ranar nan na ce maka ciwo ne da ni. Ka ji ni ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Baba."

"Na ce a kira 'yata. Ka ji?"

"Na ji."

"Umarnin da aka ba ka, har da cewa in tsoho ya roƙe ka ka yi dariya?"

Kawun ya gyara zama zai sa baki, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce takarda ba zai rubuta ba, domin ba su daidaita ba, kuma shi bai saba sa hannu a kan abin da ba haka yake ba. Ya ce in mutumin yana son ya yi wa kansa gata, ya je wurin Barista ya faɗi duk abin da ake yi a ɗakin nan da wanda ke ba da umarnin, akwai sauran mutanen da aka kulle.

"Batun yafiya kuma," in ji Baba, "ban yafe ba tukuna. Ina ƙoƙari, abin bai zo ba. Ranar da ya zo zan aika a gaya maka."

Suka tashi jiki a sanyaye. Auta ta raka su har bakin ƙofa, ba don girmamawa ba, don ta tabbatar sun fita. Da ta dawo ta tarar Baba yana numfashi sama-sama, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ta tambaye shi ko ta kira likita. Ya ce a'a, ba ciwo ba ne, haushi ne, ta bar shi ya ji abinsa.